Diori Hamani: Malamin Hausan da Ya Kafa wa Faransanci Rumfa a Yamai

Ranar 20 ga Maris ta kowace shekara, ƙasashen da ke amfani da Faransanci kan yi bikin ranar harshen, tun daga Dakar har Kinshasa, daga Burusal har Kubek ta Kanada. Da za a tsayar da ɗalibai goma a bakin ɗakin karatu a tambaye su inda wannan rana ta samo asali, na tabbata tara za su ce Faris. To ba can ba ne. A Yamai ne, nan maƙwabtanmu, aka sa hannu a takardar da ta haifi ƙungiyar ranar 20 ga Maris 1970, kuma mai masaukin baƙin shi ne shugaban Nijar na farko, Diori Hamani. Abin da ya ja ni ga tarihinsa shi ne, mutumin nan kafin ya zama shugaba, Hausa yake koyar da Turawa a ƙasarsu.

Bari in fara da sunan, don akwai darasi a ciki. Da baki Jori ake cewa, a takarda kuma Diori. Haka Faransawa suka rubuta sunayen mutanenmu da garuruwanmu da ƙa'idar rubutunsu: Tessaoua ita ce Tasawa, Tahoua ita ce Tawa, Djibo shi ne Jibo, Kountché shi ne Kunce. Inda ka ga "ou" karanta "u", inda ka ga "tch" karanta "c", inda ka ga "dj" karanta "j". Faransanci harshe ne da rubutunsa da furucinsa suka daɗe da raba gari. A jera haruffa huɗu a ƙarshen kalma kamar Bordeaux, a furta "o" ɗaya tilo. Wannan ne ke sa Bakatsine ya tsaya gaban allon hanya a Nijar ya kasa karanta sunan garin kakansa.

An haifi Diori ranar 6 ga Yuni 1916 a Sudure, wani ƙauye kusa da Yamai. Bazabarme ne, mahaifinsa ma'aikacin lafiya ne a ƙarƙashin mulkin Faransa, abin da ya sa ya sami shiga lakwal, wato makarantar boko, a zamanin da yaran da ke zuwa ba su taka kara sun karya ba. Daga Yamai aka tura shi Porto-Nobo a ƙasar Dahome, wadda yau ake kira Benin, daga can sai makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal. Wannan makaranta ita ce tukunyar da aka dafa kusan duk manyan Afirka ta Yamma ta Faransa: Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa, Modibo Keita na Mali, Hubert Maga na Dahome, da Bubu Hama na Nijar wanda ya riga Diori zuwa. Idan kana son kwatance, ka ɗauke ta kamar Kwalejin Katsina da ta fitar da Sardauna da Tafawa Ɓalewa, sai dai ita tana ɗebo ɗalibai daga ƙasashe da dama.

Amma tsarin karatun ya sha bamban, kuma a nan ne labarin yake. Ingilishi da suka ci Arewa sun bar yara suna fara elemantare da Hausa, suka kafa hukumar buga littattafai a Zariya, har aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Faransawa kuwa ba ruwansu da wannan. Tun ranar farko da yaro ya shiga aji, Faransanci ne, ko ya ji ko bai ji ba. Akwai wani abu da ake rataya wa duk yaron da aka kama yana magana da harshen gidansu, ƙashi ko guntun katako, shi kuma ya yi ta fakon wani da zai miƙa wa, wanda abin ya kwana a wuyansa ya sha hukunci. Mu da aka ci tararmu a sakandare saboda banakula mun ɗan ɗanɗana, amma namu wasa ne a kan nasu. Sakamakon shi ne 'yan ƙalilan ɗin da suka haye sun fita da Faransanci garau kamar a can aka haife su, sauran jama'a kuma aka bar su a bakin ƙofa.

Diori yana cikin waɗanda suka haye. Ya fara koyarwa a Nijar a 1936, mushe ke nan, kamar yadda mutanen can ke kiran malamin boko har gobe. A 1938 aka ɗauke shi zuwa Faris, makarantar da ake horar da jami'an da za a turo mulkin mallaka, aikinsa ya koya musu Hausa da Zabarmanci. Ku dubi wannan al'amari da kyau. A gida ana dukan yaro in ya yi Hausa a aji, a Faris kuma ana biyan Diori albashi ya koyar da ita ga kumandan na gobe, saboda sun san haraji ba ya karɓuwa da Faransanci, shari'ar gona ba ta yankuwa da Faransanci. Sun san darajar harshen sarai, amfanin da suke so da shi ne daban. Shekararsa 22 a lokacin, sa'ar da yawanmu da ke shirin karɓar difloma.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa suka fara sakin jiki. A 1946 aka soke aikin tilas, wanda shi ne ya riƙa koro talakawan Nijar suna tsallakowa ƙasar Katsina da Kano da Sakkwato. A wannan shekara Diori, yana shugaban makaranta, ya shiga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN, reshen babbar jam'iyyar RDA da aka kafa a Bamako, kuma aka zaɓe shi wakilin Nijar a majalisar dokokin Faransa. Ya faɗi zaɓe a 1951, ya dawo a 1956, a 1957 har ya zama ɗaya daga cikin mataimakan shugaban majalisar. Ɗan Sudure ne zaune a kan kujera yana ba 'yan majalisar Faransa izinin magana da harshensu.

A nan sai mu rage gudu, don ba zan yi masa kwalliya ba. Babban abokin hamayyarsa ɗan uwansa ne, Jibo Bakari, shugaban jam'iyyar Sawaba, sunan da kowane ɗan Arewa ya sani daga bakin 'yan NEPU na Malam Aminu Kano. Sawaba ta fi ƙarfi a wajen ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan tasha, musamman a ƙasar Hausa, Maraɗi da Tasawa da Damagaram. Ranar 28 ga Satumba 1958 Janar Digol ya sa ƙasashen da Faransa ke mulka su zaɓa: "i" su zauna cikin tarayya da Faransa, ko "a'a" su tafi nan take. Jibo, wanda shi ke riƙe da gwamnati a lokacin, ya ce a'a. Diori ya ce i. Faransa ta turo sabon gwamna, aka haɗa kai da sarakuna, aka matsa wa 'yan Sawaba, "i" ta ci da kusan kashi 78 cikin 100, alhali mafi yawan masu rajista ma ba su fito ba. Gini ta Seku Ture kaɗai ce ta ce a'a ta sha. A watan Disamba Diori ya karɓi gwamnati, a 1959 aka haramta Sawaba, ranar 3 ga Agusta 1960 aka ba Nijar mulkin kai, shi ne shugaba.

Daga nan jam'iyya ɗaya ce har ƙarshen mulkinsa. A zaɓen 1965 da na 1970 shi kaɗai ya tsaya. A 1964 'yan Sawaba da ke gudun hijira suka shigo da makamai ta kan iyakoki, har da iyakarmu, aka murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai, aka cika gidajen kaso. A watan Afrilu 1965 aka jefa masa gurneti a wajen sallar Layya, Allah Ya yi da sauran kwanansa. Duk wanda zai yabi Diori a kan zaman lafiya da iya sulhu, to ya tuna cewa wannan sulhun a waje ya fi yin sa.

A waje kuwa gwani ne. Nijar ƙasa ce mai faɗi, ba teku, ba kuɗi, gyaɗa da dabbobi ne arzikinta, yaran da ke makaranta ranar samun mulkin kai ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Jarin Diori shi ne bakinsa da sanin mutane. Tare da Senghor na Senegal da Habib Burgiba na Tunisiya, da Sihanuk na Kambodiya daga can Asiya, suka fara tallar wata shawara: tunda Ingila tana da ƙungiyar ƙasashen da ta rena, me zai hana masu Faransanci su yi tasu? Ita kalmar Farankofoni wani masanin labarin ƙasa ne, Onésime Reclus, ya ƙirƙiro ta wajen 1880, ta kwanta, sai waɗannan shugabanni suka tashe ta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ita Faransa da farko ɗari-ɗari ta yi, don Digol na gudun a ce ya dawo da mulkin mallaka ta bayan gida. 'Yan Afirka ne suka matsa. A 1966 shugabannin ƙungiyar OCAM suka ɗora wa Diori da Senghor nauyin yawo da maganar, Diori kuwa ya yi ta zirga-zirga daga wannan fada zuwa waccan.

Taro na farko aka yi shi a Yamai a Fabrairu 1969, André Malraux, ministan al'adun Faransa, ya zo. Na biyu a Maris 1970. Abin dariya, rigimar da ta kusa wargaza taron ba ta 'yan Afirka ba ce, ta Turawa ce. Lardin Kubek mai Faransanci na son zama da kujerarsa kamar ƙasa, Faransa na zuga shi, gwamnatin tarayyar Kanada ta ce sam. Diori na tsakiya: Faransa ce ke cike masa giɓin kasafin kuɗi, Kanada kuma sabuwar ƙawa ce mai hannu sake, wadda daga baya ta biya kuɗin hanyar kwalta a gabashin Nijar. Da ƙyar aka samo mafita, aka ce lardi na iya shiga a matsayin gwamnati mai halarta in ƙasarsa ta yarda. Ƙasashe 21 suka sa hannu aka kafa hukumar haɗin kan al'adu da fasaha, ACCT, ɗan Kubek Jean-Marc Léger ya zama sakatarenta na farko. Ita ce ta girma ta zama ƙungiyar OIF ta yau.

Me Diori ya hango? A nawa fahimtar, ba son Faransa ne kawai ba. Yana neman hanyar da ƙaramar ƙasa za ta yi hulɗa da Kanada da Beljiyam da Tunisiya kai tsaye, ba sai ta bi ta ofis ɗaya a Faris ba. Harshen da aka ɗora masa da bulala ya so ya mayar da shi igiyar jawo abokai. Kuma in aka dubi lissafi, bai yi hasashen banza ba. Ƙiyasin da ƙungiyar ta fitar a 2022 ya ce masu jin Faransanci a duniya sun kai miliyan 321, kuma fiye da rabin masu amfani da shi kullum a Afirka suke. Yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, shi da Ingilishi ne harsunan aikin sakatariyarta, da shi ake sanarwa a wasannin Olamfik, yana cikin harsunan ECOWAS da Tarayyar Afirka. Faransancin Abijan ma ya yi nasa reshe, da karin magana da salon da mutumin Faris sai ya kasa kunne kafin ya gane.

Inda hasashen ya yi tuntuɓe shi ne a gida. Wannan ƙiyasi dai ya nuna masu jin Faransanci a Nijar kusan kashi 13 ne cikin 100, bayan shekara sittin da wani abu yana harshen gwamnati. Ba don ba a gwada ba. A 1964 aka fara koyar da yaran firamare ta talabijin, darasi da Faransanci daga Yamai, mai kula da aji yana gefe, gwajin da ya ja hankalin masana ilimi daga ƙasashe da yawa. Ga 'yan sashen lantarki: daga baya har da hasken rana aka riƙa kunna akwatunan a ƙauyuka, a ƙasar da Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, ya yi suna a binciken makamashin rana. Shi Abdu Mumunin tun 1964 ya fitar da littafi a kan ilimi a Afirka, yana jayayya cewa yaro ba zai yi nisa ba sai an fara masa da harshen uwarsa. Gwamnatin Diori ta ɗan saurara: an yi yaƙi da jahilci na manya da harsunan gida, an shiga taron Bamako na 1966 da ya daidaita haruffan rubuta Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da sauransu, a 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda ake farawa da Hausa. Amma gwaji ya tsaya gwaji. Takardar kotu, takardar asibiti, jarrabawar ɗaukar aiki, duk Faransanci.

Akwai wani abu da ya kamata kowane ɗan Nijeriya ya sani game da mutumin nan. Lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, Faransa ta karkata ga Biyafara, Kwaddibuwa da Gabon suka amince da ita a matsayin ƙasa a 1968. Houphouët-Boigny ubangidan Diori ne a siyasa tun zamanin RDA, Faransa kuma ita ke riƙe da aljihunsa. Duk da haka ya tsaya tare da gwamnatin Janar Gowon, kuma a Yamai aka yi zaman sulhu na watan Yuli 1968 wanda Ojukwu da kansa ya halarta. Ya san cewa hatsi da goro da atamfa da zumunta duk ta Katsina da Kano da Sakkwato suke bi. Sarautar Maraɗi ma ai zuriyar sarakunan Katsina ce da suka yi arewa bayan jihadi, har yau Sarkin Katsina ake ce wa mai riƙe da ita. A 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai. Da aka zo gaɓar zaɓi tsakanin masu harshe ɗaya da shi a ofis da masu harshe ɗaya da talakawansa a kasuwa, na biyun ya ɗauka, kuma Faris ba ta manta ba.

Ƙarshensa ya zo da fari. Tun daga 1968 damina ke ƙaranci, a 1973 abin ya kai maƙura, dabbobi suka ƙare, mutane suka watsu neman abinci. Dattawanmu na yankin Batsari da Safana suna tuna ayarin da suka riƙa shigowa a shekarun. Ana cikin haka maganar karkatar da hatsin agaji ta cika gari, ana nuna manyan gwamnati da yatsa, ɗalibai da malamai suka yi ta yajin aiki. Shi kuma Diori ya ga farashin man fetur ya tashi a 1973, ya ce to yuraniyam ɗin da aka fara haƙa a Arlit a 1971 shi ma a sake masa kuɗi. Aka fara tattaunawa da Faransa a Maris 1974, shugaba Pompidou ya mutu ranar 2 ga Afrilu, magana ta tsaya. Daren 15 ga Afrilu sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Seyni Kunce suka kifar da gwamnati. An kashe matarsa Aisa a fadar a wannan dare. Sojojin Faransa na nan a Yamai, akwai yarjejeniyar tsaro, ba wanda ya motsa. Har yau ana gardama ko da hannun Faris a ciki ko kuwa kawar da kai kawai ta yi. Ni dai abin da na gani shi ne, shekara huɗu bayan ya shimfiɗa wa harshensu tabarma, ba su ɗaga masa ko yatsa ba.

Ya yi shekara shida a tsare, aka sake shi a 1980 aka ci gaba da yi masa ɗaurin talala har 1987. Ya tafi Maroko, ya rasu a Rabat ranar 23 ga Afrilu 1989. Allah Ya jiƙan musulmi.

Ina ruwanmu, mu da ke karanta injiniya da akanta da kimiyyar kwamfuta? Duk ƙasashe huɗun da muka haɗa iyakar ƙasa da su, Benin da Nijar da Cadi da Kamaru, da Faransanci suke rubuta takardunsu. A 1996 Janar Abacha ya ayyana shi harshen hukuma na biyu, aka sa a manufar ilimi ta ƙasa, akwai ma ƙauyen koyon harshen a Badagiri tun 1991, amma ku faɗa mini, a ajinku mutum nawa ne za su iya cike fom da shi? Mu mutanen Darini da kewaye, Hausa ta ishe mu ciniki da mutumin Maraɗi, a yi lissafin jika da naira a rabu lafiya. Wahalar tana farawa ne a gaban ladwan da jandarma, inda baki Hausa ne amma takarda ba Hausa ba. Tun da matsalar 'yan bindiga ta tsananta wajen 2019, dubban mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato sun tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka, katin rajistarsu da takardar maganinsu da littafin 'ya'yansu na lakwal duk cikin harshen da ba su karantawa. Ga kuma layin dogo da ake shimfiɗawa daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. In ya kammala, mai difloma da ke iya karanta takardar kaya ta ɓangarorin biyu ba zai yi zaman jiran aiki kamar sauranmu ba.

Sai dai ita Nijar ɗin ta juya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sojojin Faransa suka kwashe kayansu kafin ƙarshen shekarar, ƙungiyar OIF ta dakatar da ƙasar. A watan Maris 2025, kwanaki kaɗan kafin bikin ranar 20 ga wata, Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar da aka haifa a babban birninta, Burkina Faso da Mali suka yi haka su ma. A ƙarshen watan sabon kundin mulki ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Aiki kuwa da sauransa, don kafin a mayar da littafin lissafi da dokar kwastan da takardar likita zuwa Hausa sai an sami masu jin harsunan biyu da kuma sanin fannin, irin aikin da Diori ya fara da shi yana ɗan shekara 22, sai dai wannan karon fassarar gida za ta nufa.

Tun a Oktoba 2024 aka sauya wa dandalin Farankofoni na Yamai suna zuwa na ƙawancen ƙasashen Sahel, babban titin da ke ɗauke da sunan Janar Digol kuma aka mayar da shi titin Jibo Bakari, mutumin da Diori ya haramta jam'iyyarsa a 1959. Filin jirgin saman birnin dai har yanzu sunan Diori Hamani yake amsawa.